Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Mutanen Ayilan da Yankunan Ingila Ke Rubuta Karin Harshensu

Wanda ya koyi Turanci a makaranta har ya ci jarrabawarsa, in ya leƙa hirar magoya bayan Newcastle ko ya buɗe littafin labari na wani marubucin Dublin, zai ci karo da kalmomin da babu malamin da ya taɓa rubuta masa su a allo: *toon*, *nowt*, *eejit*, *summat*, *fillum*. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan irin wannan rubutu.

Kuskuren rubutu ne, ko da gangan ake yi?

Da gangan ne. Mutumin Yorkshire da ya rubuta *nowt* ya san *nothing* sarai, kuma ita zai sa a takardar neman aiki. Yana rubuta *nowt* ne don a ji muryar garinsu a cikin maganarsa. Haka Basakkwace ke rubuta *tahi* ko *hwari* alhali ya san daidaitacciyar Hausa *tafi* da *fari* ta ce.

In haka ne, me ya sa abin ya fi rikitarwa a Turanci fiye da a Hausa?

Saboda harafin boko a Hausa kusan kullum sauti ɗaya yake wakilta. In Bakano ya ga *tahi* a rubuce zai furta ta yadda Basakkwace ya nufa. Turanci ba haka yake ba. Rubutunsa ya daskare ne a daidai lokacin da furucinsa ke ta sauyawa.

William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a Westminster a 1476, kuma shi kansa ya koka kan yawan bambancin magana. A 1490 ya ba da labarin wasu fatake da rashin iska ya tsayar da jirginsu a gaɓar Kent, suka sauka neman abinci. Ɗayansu ya ce wa wata mata ta ba shi *egges*, wato ƙwai. Matar ta ce ita ba ta jin Faransanci. Bafataken ya fusata, don shi ma ba ya ji. Sai da wani ya ce *eyren* yake nufi sannan ta gane. Caxton ya tambaya: to mai buga littafi wacce zai rubuta? Masu ɗab'i suka karkata ga Turancin Landan, aka yi ta tafiya a haka, har ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara ɗaure abin.

A tsakanin nan kuma, daga wajen 1400 zuwa 1700, dogayen wasulan Turancin kudu suka gusa daga inda suke. Rubutu ya tsaya, baki ya ci gaba. Shi ya sa duk mai son nuna furucin garinsu dole ya yi dabara da haruffan da ba su da tabbataccen sauti tun farko.

Me ya sa ake kiran Newcastle da *the Toon*?

Ita ce *town*. A tsohon Turanci da dogon wasalin *u* ake furta ta, irin na "kuka" a Hausa, haka ma *house* da *down* da *brown*. A kudu wasalin ya koma *au*, amma a arewa maso gabas da Sikotlan ya zauna inda yake. Don haka *toon*, *hoose*, *doon*, *broon* su ne suka riƙe tsohon furuci. Mutanen Landan ne suka canza.

A karin Geordie, wato na mutanen bakin kogin Tyne, za ka kuma ga *neet* a madadin *night*, *wor* a madadin *our*, *divvent* a madadin *don't*. *Gan hyem* na nufin tafiya gida, *bairn* yaro ne, dukansu kuma suna da tushe a tsohon Turanci. *Howay the lads* da ake rerawa a St James' Park, filin ƙwallon Newcastle, kira ne na ƙarfafa gwiwa, kamar a ce "ku taso, samari".

A rubutun mutanen Ayilan ina ganin *tay*, *dacent*, *ould*. Daga ina suka fito?

Wannan amsar takan ba mutane mamaki, domin an daɗe ana kawo waɗannan kalmomi a matsayin shaidar cewa Ayirishawa sun ɓata Turanci. Gaskiyar ita ce Turanci ya bazu sosai a Ayilan a ƙarni na 16 da na 17, musamman bayan da aka fara zaunar da baƙi daga Ingila da Sikotlan a lardin Ulster daga 1609. A wancan zamani Turawan Ingila kansu *tay* suke cewa in suna nufin shayi, da wasalin *e* mai tsawo irin na "tebur". Mawaƙi Alexander Pope, a farkon ƙarni na 18, ya haɗa *tea* da *obey* a ƙafiyar baiti ɗaya, a waƙar da ke maganar Sarauniya Anne da fadarta. Daga baya Landan ta koma furta kalmar da *i*, Ayilan ta riƙe abin da aka kawo mata. Haka *dacent* a wurin *decent*, *mate* a wurin *meat*, *baste* a wurin *beast*, da *Jaysus* a wurin *Jesus*. Kalmomi kaɗan ne suka tsira da tsohon wasalin a daidaitaccen Turanci: *great*, *break*, *steak*. Duk mai furta su yau yana yin abin da ake yi wa tsohon manomin Ayilan dariya a kansa.

*Ould*, ko *oul'*, ko *auld*, ita ce *old*. Ta ma samu aikin da *old* ba ta da shi. *The oul' fella* a Dublin mahaifi ake nufi, *the oul' wan* mahaifiya, kamar yadda muke cewa "tsohona" da "tsohuwata". Mai wannan magana zai iya rubuta *old* in yana zancen tsohuwar mota, ya ajiye *oul'* don abin da ya shaƙu da shi.

To *eejit* fa?

*Idiot* ce. Sautin *d* da *y* suka narke suka zama *j*, abin da ya faru a *soldier* ma ba wanda ya yi ƙorafi. Amma ta rabu da uwarta a ma'ana. *Idiot* zagi ne mai zafi. *Eejit* ta fi kusa da "shashasha" ko "sakarai" da uwa za ta ce wa ɗanta tana murmushi, ko da yake in rai ya ɓaci ita ma tana cizo.

Harshen Gelik na Ayilan ya bar wata alama a wannan rubutu?

Sosai. Mutanen da suka bar Gelik suka koma Turanci, galibinsu a ƙarni na 19, sun taho da al'adar bakinsu.

Gelik ba ya son wasu baƙaƙe su haɗu ba wasali a tsakani. Kalmar *gorm*, wato shuɗi, da gaɓa biyu ake faɗinta, haka sunan *Colm*. Shi ya sa *film* ta zama *fillum*. Bahaushe ya san wannan hali, tun da shi ma *brush* ya mayar "buroshi". Mutanen Newcastle ma *fillum* suke cewa, saboda haka ba duka za a jingina wa Gelik ba.

A yammacin ƙasar, *s* kan zama *sh* a gaban wasu baƙaƙe, sai ka ga *shtop* da *shtick*. Gelik na yau kuma ba shi da sautin *th*, shi ya sa ake rubuta *tree* a wurin *three*, *dat* a wurin *that*. A nan rubutun yana yi wa furucin rashin adalci. Ayirishawa da yawa suna bambanta *thin* da *tin* a bakinsu: ta farko harshe na taɓa haƙora, ta biyu yana taɓa dasashi. Baƙo ba ya jin bambancin, haruffan Turanci kuma ba su da hanyar nuna shi.

Wadda ta fi burge ni ita ce *youse*. Daidaitaccen Turanci ya yar da *thou*, ya bar *you* kaɗai tana aikin "kai" da "ke" da "ku". Gelik yana da *tú* na tilo da *sibh* na jam'i, kuma masu shi ba su yarda su rasa wannan bambanci ba. A kudu da yamma suka riƙe tsohuwar *ye* don jam'i, a Dublin da arewa suka ƙirƙiro *youse*, *yous* ko *yiz*. Yunwar da ta auka wa Ayilan daga 1845 ta kora dubban ɗaruruwa ƙetare, har ƙidayar 1851 ta nuna fiye da mutum 1 cikin 5 na mazauna Liverpool a Ayilan aka haife su. Kalmar ta bi ƙaura, yau ana jin ta a Liverpool, Glasgow, Newcastle, New York da Ostareliya. Ana kiranta kuskure, alhali giɓi ta cike a nahawu.

An ce *craic* ba asalin Gelik ba ce. Haka ne?

Haka ne. *Crack* da ma'anar hira da raha tsohuwar kalma ce a arewacin Ingila da Sikotlan, daga can ta shiga Ulster. Gelik ya are ta ya rubuta ta *craic*, tun da ba shi da harafin *k*. Wani shirin talabijin na Gelik a tashar RTÉ ya yayata ta a shekarun 1970, daga nan wannan rubutun ya dawo cikin Turanci, har ya zama tambarin Ayilan a allunan mashaya da tallan yawon buɗe ido. Wasu masana harshe a can suna ƙyamar rubutun, suna ganin ƙirƙirarre ne. Ni dai ina ganin kalmar da jama'a suka yi shekara hamsin suna rubutawa a hanya ɗaya ta riga ta zama tasu. *What's the craic?* gaisuwa ce kawai, kamar "yaya labari?"

Mene ne *nowt*, *owt* da *summat*?

*Nowt* "ba komai", *owt* "wani abu ko mene ne", 'yan uwan *nought* da *aught* ne na tsohon Turanci. *Summat* daga *somewhat* ta fito, tana nufin "wani abu". Ana jin su a Yorkshire, Lancashire da sassan tsakiyar Ingila. Furucinsu ya bambanta daga gari zuwa gari: a wani wuri *nowt* tana amsa amo da *out*, a wani wurin ta fi kusa da *note*.

Wannan *t'* da ake liƙa wa kalma, kamar *down t'pub*, yaya ake karanta shi?

Kusan duk baƙo yana karanta shi ba daidai ba, har da 'yan wasan kwaikwayo na kudancin Ingila. Guntun *the* ne, amma a yawancin Yorkshire ba a jin *t* ɗin ko kaɗan. Ɗan tsaiko ne a maƙogwaro, irin wanda ke tsakiyar "sa'a" ko "jama'a", kuma yana manne ne da kalmar da ta gabata. Bahaushe zai fi mutumin Landan saurin kama shi. Wanda ya ce "ta pub" da cikakkiyar gaɓa ya nuna a takarda ya koya. A Lancashire, in kalmar da ke biye da wasali ta fara, *th'* ake rubutawa, kamar *th'owd man*. A wasu sassan gabashin Yorkshire kuma ba a faɗin komai a gurbin.

Kudancin Ingila ba su da nasu?

Suna da shi. A kudu maso yamma, wato Somerset, Dorset da Devon, *s* na farkon kalma kan koma *z*, *f* ya koma *v*: *zider* a wurin *cider*, *Zummerzet*, *varmer*. William Barnes, malami kuma limamin coci, ya wallafa waƙoƙinsa da karin Dorset a 1844 da irin wannan rubutu, kuma ba don ban dariya ya yi ba. Daidaitaccen Turanci ma ya ɗebo daga nan, shi ya sa namijin yanyawa *fox* ne amma macen *vixen*.

A Landan akwai *fink* a wurin *think*, *bruvver*, *'ouse*, *innit*. Wasu siffofin sun mutu. Marubuci Charles Dickens ya sa Sam Weller, wani ɗan Landan a cikin labarinsa, yana cewa *wery* a wurin *very* a shekarun 1830, yau babu ɗan Landan da ke yin haka.

In na karanta rubutun yadda aka rubuta shi, zan fitar da ainihin furucin?

Ba lallai ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a fahimta. Rubutun karin harshe kamar kwatancen gida ne: wanda ya ce maka "ka yi dama a bakin masallaci" ya ɗauka daga inda yake tsaye kai ma za ka taso. Kowane irin wannan rubutu yana da mai karatun da aka nufa.

Dubi *oop North*. Mutanen kudu ne ke rubuta shi don kwaikwayon 'yan arewa, waɗanda ke furta *up* da wasali ɗaya da *put*. Ɗan arewa bai ga dalilin canza rubutun ba, don a wurinsa *u* ta riga ta faɗi abin da yake faɗi, kuma *oo* na iya sa mai karatu ya ja wasalin fiye da kima. Shi kuma in zai rama, sai ya rubuta *barth* da *grarss* don nuna yadda 'yan kudu ke jan *bath* da *grass*. Wannan *r* ba furta ta ake yi ba, alamar tsawo ce, domin yawancin Ingila ba sa furta *r* bayan wasali. Ba'amurke ko ɗan Ayilan, da ke furta kowace *r*, in ya karanta *barth* zai fito da sautin da babu mai yin sa a ko'ina. Haka *er* da *erm* na mai inda-inda a littattafan Ingila: abin da Amurkawa ke rubutawa *uh* da *um* ne.

Ba raini ba ne a rubuta maganar mutum a karkace?

Wani lokaci raini ne tsantsa. Akwai hanyar ganewa. In aka rubuta *wuz* a wurin *was*, *sez* a wurin *says*, *wimmin* a wurin *women*, ba a nuna wani furuci na daban ba, domin kowa haka yake faɗinsu, har farfesa. Abin da aka nuna kawai shi ne wai mai maganar jahili ne. Masanin harshe na Amurka George Philip Krapp ya raɗa wa wannan suna a 1925, sunan da ke nufin karin harshe na ido, wato wanda ido ke gani amma kunne ba ya ji.

Ayirishawa sun sha wannan fiye da kowa. Tun a wasan Shakespeare na Sarki Henry na Biyar akwai hafsan soja ɗan Ayilan da ke cewa *ish* a wurin *is*. A ƙarni na 19 mujallar Punch ta Landan ta riƙa zana ɗan Ayilan da fuskar biri, a sa masa magana a karkace a ƙarƙashin zanen, a shekarun da mutanensa ke fama da yunwa da korar masu gonaki. Shi ya sa har yau *begorrah* da *top of the morning* ke ɓata musu rai in baƙo ya faɗa.

Amma haruffan da aka yi izgili da su, da su ne kuma mutane suka rubuta kansu. Ɗan Belfast da ya sa *Norn Iron* a rigarsa, yana nufin Ayilan ta Arewa, alfahari yake yi. Abin dubawa shi ne wa ya riƙe alƙalamin, kuma wa yake so ya yi dariya. Akwai ma wata alama ƙarama: waƙafin sama da ake sa wa kalma, kamar *wi'* a wurin *with*, yana nuna kamar wani abu ya ɓace daga "cikakkiyar" kalma. Marubutan harshen Scots na Sikotlan da yawa sun daina sa shi saboda wannan dalili.

Manyan marubuta sun yi amfani da shi?

Tun Chaucer, a ƙarshen ƙarni na 14, wanda ya sa ɗalibai biyu 'yan arewa suna magana da wasulan yankinsu a ɗaya daga labaran Canterbury. Emily Brontë ta rubuta maganar tsohon bara Joseph da karin Yorkshire mai kauri a littafinta na 1847. Bayan rasuwarta, yayarta Charlotte ta sassauta rubutun a bugun 1850, don tana ganin mutanen kudu ba za su fahimta ba. George Bernard Shaw, haifaffen Dublin, ya fara rubuta maganar yarinya mai tallan furanni a wasansa na Pygmalion yadda take fita daga bakinta, bayan 'yan layuka ya tsaya ya ba da haƙuri a cikin rubutun, ya ce ba mai gane wannan a wajen Landan.

Akwai hukumar da ke tsara yadda za a rubuta su?

Babu. Shi ya sa kalma ɗaya kan fito da fuska uku: *reet*, *reight*, *reyt*, duka *right* ce a sassan arewa daban-daban. Abin da ake da shi masu tattarawa ne.

Babbansu Joseph Wright, wanda aka haifa a 1855 kusa da Bradford. Yana ɗan shekara 6 ya fara aikin jan jaki a wurin fasa dutse, daga nan ya shiga masaƙar Saltaire. Bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 15. Ya koyar da kansa, ya tafi Jamus ya yi digirin digirgir a Heidelberg, ya zama farfesa a Oxford a 1901. Ƙamus ɗinsa na kare-karen harshen Turanci ya fito a juzu'i 6 tsakanin 1898 da 1905, kuma da kuɗin aljihunsa ya ɗauki nauyin bugawa da masu ɗab'i suka ja baya. Mutumin da ya tashi yana cewa *nowt* ne ya tsaya har ta samu gurbi a ƙamus tare da tarihinta.

Bayansa, Harold Orton na Jami'ar Leeds ya jagoranci binciken da aka yi daga 1950 zuwa 1961 a wurare 313, ana yi wa tsofaffin mutanen karkara tambayoyi fiye da 1,300. A Ayilan akwai littafin P. W. Joyce na 1910 da ƙamus ɗin Terence Dolan na 1998.

Makarantu da gidajen rediyo suna karɓar sa?

Ana ta jayayya. A 1941 BBC ta sa Wilfred Pickles, ɗan Halifax a Yorkshire, ya karanta labarai. Yakan rufe da yi wa mutanen arewa *good neet*, kuma wasu masu sauraro sun yi ta aiko da ƙorafi. A 2013 wata makarantar firamare a Middlesbrough ta aika wa iyaye takarda ta roƙe su su riƙa gyara wa yara kalmomi irin su *nowt* da *yous*. Damuwar malaman gaskiya ce, suna tsoron yaran su sha wahala a jarrabawa da neman aiki. Sai dai a ganina yaro na iya koyon inda ake sa kowace kalma ba tare da an ce masa maganar kakarsa kuskure ce ba.

Ni mai koyon Turanci, in yi amfani da su?

A jarrabawa, wasiƙar ofis ko takardar neman gurbin karatu, a'a. A hira da abokin da ya fito daga yankin, bari shi ya fara, kuma ka tsaya kan abin da ka ji daga bakinsa.

Wajen karatu kuwa, fara da gano garin marubucin ko na mai maganar, don shi ne zai gaya maka ko ana furta *r* da yadda wasula suke. Sannan ka karanta jimlar a bayyane, da sauri, ba harafi-harafi ba. *Gizzit* ba ta da ma'ana a ido, amma a kunne *give us it* ce, wato "ba ni shi", domin a yawancin waɗannan yankuna *us* kan tsaya a wurin *me*. In kalmar ta ƙi fitowa duk da haka, wataƙila ba sauyin rubutu ba ce, kalma ce mai zaman kanta, kamar *bostin* ta yankin Black Country, kusa da birnin Birmingham, da ke nufin abu mai kyau ƙwarai, ko *mardy* ta tsakiyar Ingila da Yorkshire da ake faɗa wa mai saurin fushi da shagwaɓa. Irin waɗannan sai an duba ƙamus ɗin karin harshe, kuma na Wright yana nan a intanet kyauta.